Sharhi: Rangadin Ruijin da Ɗan Jagora, Ta Fuskar Gishiri da Fasa-ƙwauri

Rangadin yini guda a Ruijin, kudancin lardin Jiangxi na ƙasar Sin, ya cancanci kuɗinsa, amma sai ka gaya wa ɗan jagora tun da safe cewa tarihin ciniki ya kawo ka. In ba haka ba, labarin yaƙi zai cinye yinin.

Daga Ganzhou jirgin ƙasa ne mafi sauƙi. Riƙe fasfo a hannu, ka kuma kauce wa Litinin, ranar da gidajen tarihi kan rufe. A fara da ƙauyen Yeping, inda 'yan kwaminisanci suka kafa gwamnatinsu, Jamhuriyar Sobiyet ta Sin, ranar 7 ga Nuwamba 1931. Zauren dangin Xie, inda gwamnatin ta zauna, yana nan, an yanka shi da katako zuwa ƙananan ɗakuna, kusan kowace ma'aikata da nata ɗaki. Daga nan sai Shazhouba, inda gwamnati ta koma a 1933.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne batun gishiri. Dakarun Chiang Kai-shek, jagoran gwamnatin Sin da ke yaƙar 'yan kwaminisanci, sun toshe hanyoyi, yankin 'yan kwaminisanci kuwa ba ya da gishirin kansa. Mao Zedong, shugaban jamhuriyar, ya ba da lissafi a watan Agusta 1933: yuan (kuɗin Sin) ɗaya yana sayen awo bakwai na gishiri a Meixian da ke lardin Guangdong, amma a cikin yankin bai cika awo ɗaya ba, sai kashi uku cikin huɗu. Farashi ya haura ninki tara ke nan. Mutane suka koma kankare ƙasar tsofaffin bango, su jiƙa, su tace, su dafa ruwan har ya ƙafe. Abin da ke fitowa ɗaci gare shi, ga ɓata ciki. Masu fasa-ƙwauri kuma sukan huda gora su cusa gishiri, ko su jiƙa riga a ruwan gishiri ta bushe su saka, ko su ɓoye shi a ƙasan bokitin taki. Jagoran ya iya wannan ɓangare ƙwarai.

Inda ya gaza shi ne babban cinikin. Gora ba ta ciyar da mutum miliyan uku da ke yankin. Ma'adinin tangistan, wanda ake ƙarfafa ƙarfen makamai da shi, shi ya riƙe gwamnatin. Mao Zemin, ƙanen Mao Zedong kuma shugaban bankin jamhuriyar, shi ya jagoranci kamfanin haƙarsa, da mahaƙa irin ta Tieshanlong a gundumar Yudu. Mai saye kuwa ɓangaren Chen Jitang ne, janar na Guangdong da Chiang ya ɗora wa tsare kudu, wanda tsoron Chiang ɗin ya fi damunsa fiye da na 'yan kwaminisanci. Ofishin cinikin waje na jamhuriyar ya kasance da reshe a Jiangkou, kusa da Ganzhou: shinkafa da tangistan su fita, gishiri, yadi, kananzir da magani su shigo. A Oktoba 1934 ma He Changgong da Pan Hannian, wakilan 'yan kwaminisanci, sun ƙulla yarjejeniyar sirri da mutanen Chen a Xunwu, wadda ta sauƙaƙa wa Jar Runduna, sojojin 'yan kwaminisanci, ficewa daga yankin. Sai an tambaya ake jin wannan, a gaggauce.

Nemi jagora mai iya fassara alluna da kansa, domin manhajar waya tana kwaɓa sunayen wurare da ma'aunai. Mai son ganin Yudu ya ƙara yini na biyu.