Kwana uku da yarona a asibitin kuɗi da katin inshora

Shekara shida kenan muna zuwa asibitin nan, nan na haifi yarana biyu, shi yasa abin ya tsaya min a rai. Tunda aka kawo sabon manaja wanda ba likita ba komai ya koma lissafi, an gyara risefshin an sa tayil da talabijin amma an rage nas.

Ƙaramin ne zazzaɓi ya kwantar, yana amai ko ruwa baya zama. Muka je da katin inshorar lafiya ta gwamnati (NHIS) na babansu, likita ya duba yace sai an kwantar da shi an yi wasu gwaje-gwaje, sai akace mu jira lambar amincewa daga HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorar tamu, tun la'asar har bayan isha'i muna zaune yaro na kakkarwa a jikina, wanda ya zo da kuɗi a hannu kuwa nan da nan an shige da shi. Wata ma'aikaciya ce ta fahimtar da ni yadda abin yake, kuɗi ƙayyadadde ake biyan asibiti duk wata a kan kowane mai kati, ka zo ko kar ka zo, to ƙananan gwaje-gwaje da maganin yau da kullum da suka ba ka daga ribarsu suke fita. Nan na gane dalilin da kullum sai ace magani babu, je ki kemis, alhali kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin kawai ya kamata mu biya.

Daren farko ne wallahi ba zan manta ba. Nas ɗaya tak, ita ce ɗakin yara ita ce ɗakin haihuwa. Ruwan da aka sa masa ya ƙare har jini ya fara hawa robar, na fita ina nemanta tana can tana karɓar haihuwa, ni na murɗa na kashe da hannuna ban ma san ko daidai na yi ba. Sha biyun dare aka kashe janareta wai dizal yayi tsada, jaririn gadon kusa da mu yana kan injin oksijin, uwarsa kuka kawai take, sai da mazan wajen suka ɗaga murya aka kunna.

Nas ɗin nan Allah Ya saka mata, tun safe take tsaye kuma bata taɓa yi min tsawa ba, likitan ma ya san aikinsa. Yaro ya warke alhamdulillah. A wajen kimanta asibitin tauraro biyu na basu saboda mutum biyun nan, kuma babansu ya riga ya karɓo fom ɗin canza asibiti.