Gwajin kumburi: yadda na tarar da shi a Ingila

Yaya, barka da warhaka. Kin ce Inna ta dawo daga asibiti da takarda mai ɗauke da sakamakon CRP da ESR, wato gwaje-gwajen jini biyu da ke nuna kumburi a jiki, hankalinku ya tashi. Ni ma an yi mini su a nan lokacin da gwiwoyina suka matsa mini, shi ya sa na ce bari in rubuto.

A gida mutum zai iya zuwa da safe a ɗebi jininsa, kafin la'asar takarda na hannunsa. A nan sai da likita ya ga dacewar gwajin, na jira ranar ɗibar jini. Amma sakamakon a manhajar waya ya zo mini, kowace lamba da iyakarta a gefe, ga na baya a ajiye don kwatantawa. Wannan ajiyar ce ta fi burge ni.

CRP wani sinadari ne a cikin jini, hanta ce ke yin sa idan jiki na fama da kumburi. Cikin 'yan awanni yake tashi, ya kai ƙololuwa wajen kwana 2, ya sauka da wuri in an samu sauƙi. Yawanci ƙasa da miligiram 5 a lita ake so. In ya haura 100, likitoci kan fara zargin ƙwayoyin cuta masu ƙarfi. Shi kuwa ESR, jini ake zubawa a siririyar kwalba a ga milimita nawa jajayen ƙwayoyin suka kwanta cikin awa 1. Yana da nawa, sai ya ɗauki makonni bai sauka ba. Tsufa, juna biyu da ƙarancin jini duk suna ɗaga shi, sikila kuma na iya rage shi. Ga mai shekarun Inna, ɗan hawa kaɗan ba abin firgita ba ne.

Dukansu biyu hayaƙi suke nunawa, ba sa faɗin inda wutar take. Nawa ya ɗan hau, amma likitar ba ta ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Ta duba gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya, ta yi tambayoyi, ta sa a maimaita bayan makonni. Da farko na ji kamar an yi mini rowa, daga baya na gane gaskiyarta.

Don Allah kada a saya wa Inna magani saboda lamba kawai. Ku koma wurin likitan da takardar, ku tambaye shi me yake zargi da yaushe za a sake gwajin, ki kuma adana ta. Ki ɗauko mini hotonta yau, ki gaishe mini da Inna da jiki.