Alamein a yini guda: gidan tarihi ko makabartun sojoji?

Alhaji, tunda yini ɗaya jirgin ruwan naku zai tsaya a Iskandariya, makabartun za ka ba lokacinka. Gidan tarihin kuwa, in lokaci ya ragu ka leƙa.

Alamein tana yamma da Iskandariya, tafiyar sama da kilomita 100, zuwa da dawowa kaɗai sai ya cinye maka awa uku ko fiye. A can Montgomery, kwamandan sojojin Ingila, da Rommel, kwamandan na Jamus, suka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu, karon da aka fara ran 23 ga Oktoba 1942 shi ne ya fitar da Jamusawa da Italiyawa daga Masar.

Makabartar sojojin Ingila da ƙawayenta na fara shiga. Kaburbura fiye da 7,000 ne a jere cikin yashi, ga kuma bango ɗauke da sunaye kusan 12,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. Ina bin layi ina karanta shekarunsu, wannan 19, wancan 22, daga Ostireliya, daga Indiya, daga Afirka ta Kudu. Wani dattijo Bamisire da ke ba shuke-shuken wurin ruwa ya ajiye aikinsa, ya buɗe mana littafin sunayen, ya nuna mana yadda ake gano kabari da lambar layi. Ko sisi bai nema ba.

Amma wadda ta fi taɓa ni ta Italiyawa ce, farar hasumiya a kan tudu tana fuskantar teku. A gefenta akwai ɗan masallaci da makwancin sojojin Libiya da suka mutu ƙarƙashin tutar Italiya, lokacin tana mulkin ƙasarsu. Yaƙin ba nasu ba ne, Allah Ya jiƙan su. Ka tsaya ka yi musu addu'a. Ta Jamusawa na nan kusa, gini mai kusurwa takwas da ke ɗauke da gawa sama da 4,000.

Gidan tarihin ba laifi: tankoki da igwa a tsakar gida, kaki da taswirori cikin gilashi. Rabin awa ta ishe shi.

Sai dai ka yi hattara da direbobin bakin tasha. Wani zai ce maka kuɗin na Alamein ne duka, ya kai ka gidan tarihi da makabartar Ingila, da yake suna kusa da juna, sannan ya ce sauran biyun sai da ƙari don suna gaba. Ku ambaci kowane wuri tun a ciniki, kada ka biya sai ya dawo da kai. Masu tallar hular kwano da lambobin soja, wai tono su aka yi, kada ka saya. Wanda kuma ya ce zai kai ka ainihin fagen dagar cikin hamada, ka ƙi, har yau akwai nakiyoyi a binne.

In jirginku ya shirya ziyarar da ta haɗa makabartun uku, ita za ka bi ko da ta fi tsada, domin ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara.