Lada Niva: Motar da Ta Fi Tattalin Arzikin Rasha Juriya

Tun a shekarar 1977 kamfanin AvtoVAZ mai ƙera motocin Lada, da ke birnin Tolyatti na Rasha, a bakin kogin Volga, ya fara ƙera Niva, kuma wanda ya shiga wadda ake sayarwa yau da sunan Niva Legend zai ga siffarta ba ta sauya sosai ba. Na shafe watanni ina hawanta a ƙauyukan yankin Samara, inda kwalta ke ƙarewa a bar matafiyi da taɓo ko dusar ƙanƙara, kuma ina iya shaidar cewa a irin waɗannan hanyoyi tana wuce motocin da suka ninka ta tsada. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, tana da giyar ƙarfi ta hawan tudu, sannan kusan kowane bakanike na ƙauye yana iya kwance injinta ya mayar.

A kan babbar hanya kuwa sai a hankali. Injin mai lita 1.7 ƙarfin doki 83 kawai yake bayarwa, yana da ƙara, yana shan mai, cikinta kuma a matse yake ga mai iyali.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin da ya sa mota mai wannan farin jini ta tsaya wuri ɗaya kusan shekara hamsin. Da taimakon Fiat na Italiya aka kafa masana'antar a 1966, a zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da gwamnati ke yanke adadin da za a ƙera, mai saye kuma ya jira shekaru a layi, don haka babu gasar da za ta tilasta gyara. Bayan rushewar Tarayyar a 1991, kuɗin man fetur da iskar gas suka sa shigo da kaya ya fi ƙera su sauƙi. Renault na Faransa ya sayi kashi 25 cikin ɗari na kamfanin a 2008, ya kawo fasaha, amma muhimman sassa suka ci gaba da zuwa daga waje. Da takunkumi ya biyo bayan yaƙin Yukren a 2022, Renault ya miƙa hannun jarinsa ga wata cibiyar gwamnati, har aka riƙa fitar da Lada Granta, wata motar kamfanin, ba tare da jakar iska ta kariya ba, abin da bai kamata a ce ƙasar da ta fara kai ɗan Adam sararin samaniya ta amince da shi ba.

Yanzu motocin Sin irin su Haval da Chery sun cika kasuwa, gwamnati tana kare Lada da ƙarin haraji a kan na waje, ga kuɗin ruwa da babban banki ya kai kashi 21 cikin ɗari a Oktoban 2024, wanda ya sa bashin sayen mota ko na faɗaɗa masana'anta ya gagari mutane da dama.

Ga manomi, mafarauci ko likitan karkara, ina ba da shawarar Niva ba tare da shakka ba. Wanda zirga-zirgarsa ta cikin birni ce da yara a baya, gara ya nemi wata.