Hattara da masu tallar "libarbar Apache" a Facebook da WhatsApp

'Yan uwa masu sana'ar kayan tarihi, musamman ku da ke kai kaya Turai kuna dawowa, ku saurara. Wani abokin sana'ata ya yi asarar kuɗi masu kauri a hannun wasu mutane, kuma har yau ya kasa buɗe baki ya kai ƙara. Shi ya sa na ga gara in faɗa.

Hoto suka fara turo masa: 'yar ƙaramar libarba, maƙale da zobban ƙarfe huɗu na zura yatsu don naushi, ga kuma siririyar wuƙa da ake naɗewa. Abin akwai shi da gaske. Wani maƙerin bindiga mai suna Louis Dolne ne ya ƙera irinta a birnin Liège na Beljiyam tun a ƙarni na 19, daga baya aka laƙa mata sunan 'yan dabar Paris da ake kira Apache a farkon shekarun 1900. Ba ta da dogon hanci kamar sauran bindigogi, ramukan harsashin nan shida su ne hancin, harsashinta kuwa na milimita 7 ne, tsohon yayi mai ɗan tsinke a gefe. Masu tara tsofaffin makamai suna sonta ƙwarai, kuma a nan ne maƙaryata suka samu ƙofa.

Suka ce gado ne wata tsohuwa ta bari a Faransa, magada na neman kuɗi da gaggawa. Suka yi masa farashin da ya san idan ya juya zai ci riba ninki. Ya tura rabin kuɗi. Bayan kwana kaɗan sai ga saƙo wai kwastan sun tsare kayan, sai an biya kuɗin takarda. Ya biya. Sai kuɗin inshora. A na uku ne ya ce su nuna masa bindigar a bidiyo kai tsaye, daga nan lambar ta mutu. Da muka bincika hoton a intanet, sai ga shi a shafin wani gidan gwanjo, an sayar da ita tun tuni.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kalmar da suka yaudare shi da ita: wai tsohon kaya ne, doka ba ruwanta da shi. A Amurka, dokar tarayya tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, gaskiya ne. Amma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, ba ta ware tsoho da sabo ba. To wa zai je ofishin 'yan sanda ya ce an cuce shi wajen shigo da bindiga? Sun san haka sarai. Da gangan suka zaɓi kayan da zai ɗaure bakin wanda suka damfara.

Wasunsu kuma suna aiko da kaya, amma na jabu, sabon ƙira da aka jiƙa a ruwan gishiri ya yi tsatsa. Ta gaske daga Liège tana ɗauke da hatimin gwaji, haruffa ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma ko hatimin ana kwaikwayonsa. Na ga suna tallar 'yar uwarta ta Amurka ma, wadda James Reid ya ƙera a garin Catskill na jihar New York, mai rubutun "My Friend" a samanta, wadda aka yi wa rajista a 1865. Zobe ɗaya ne a mariƙinta.

Hotunan da suka turo masa da lambobin da suka kira shi da su duk suna hannuna, kuma na raba wa shugabannin kasuwarmu. Wanda aka turo wa irin wannan talla, kada ya tura ko sisi, ya ajiye saƙonnin ya nuna wa na gaba da shi a sana'a.