Gargaɗi ga masu shirin sanya na'urorin gane motsi da auna zafi a gida

Na yi kwana tara ina rubuta wannan bayani ina gogewa, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum mai shekaruna, wanda ya shafe shekara 19 yana duba lissafin kuɗin jama'a, ya fito ya ce an karɓe masa naira 485,000 da rana tsaka, kuma da hannunsa ya tura. Ba zan ambaci sunan mutumin ko na shagonsa ba tukuna, saboda maganar tana gaban hukuma, amma hotunan hirarmu ta WhatsApp da shaidar turawar kuɗi duk suna hannuna, kuma zan ɗora su da zarar an ba ni izini.

Ni a Abuja nake aiki, mahaifiyata kuwa tana Kano, kuma tana fama da ciwon sukari. Allurar insulin da take amfani da ita, matuƙar ba a buɗe kwalbar ba, dole ta zauna a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, kuma duk wanda ya san yadda ake ɗauke wuta ya san irin fargabar da ɗa yake ciki idan yana nesa. Abin da na nema bai taka kara ya karya ba: na'urar da za ta sanar da ni a waya idan firjin ya fara ɗumi, da wasu da za su sanar da ni idan wani ya gitta ta zaure ko ta bayan gida da tsakar dare. A Facebook na ga tallar wani mai ɗaura irin waɗannan na'urori, na kira shi, muka yi alkawarin haɗuwa a gidan Hajiya a watan Fabrairu.

Abin da ya faru a falon nan shi nake ta juyawa a raina har yau. Ya fito da wata 'yar na'ura fara, wadda ba ta kai girman kwalin ashana ba, ya ɗora mini a tafin hannu, sannan ya ce a kawo masa ƙanƙara a kofi. Ya ɗora na'urar a kai, muka zuba wa wayarsa ido, lambar ta fara sauka daga 31 zuwa 24 zuwa 17. Ya ajiye wata a kan tebur, ya ce wa ƙaramar yarinyar gidan ta wuce ta gabanta, tana wucewa wayar ta yi ƙara. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ikon Allah." Na ciro waya zan tura kafin alƙalami, sai aka kira sallar la'asar, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, mayar da wayar nan aljihu, mu yi sallah tukuna, kuɗi ba sa gudu." Wannan maganar ce ta gama da ni. Mutumin da ya ce a jinkirta ba shi naira 300,000 saboda sallah, ta yaya zan zarge shi? Muna idarwa na tura masa 300,000, ranar da ya gama ɗaurawa na cika 185,000, jimilla 485,000.

Ina so a fahimci cewa ban shiga da ka ba. Ya yi mini bayanin Zigbee, wato tsarin da irin waɗannan na'urori suke aika saƙo da shi ta iska, ya ce na'urorin ba sa magana da Wi-Fi kai tsaye, sai ta hanyar wani ƙaramin akwati da yake zama uwa gare su, shi ne yake haɗa su da intanet, kuma shi ya sa batir ɗaya mai kamar kwabo yake kai su shekara ko fiye. Na bincika, gaskiya ne. Ya yi maganar tsarin Matter, mai sa na'urorin kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, wanda Apple da Google da Amazon da Samsung suka haɗu a kai, aka fito da shi a 2022. Na bincika, shi ma gaskiya ne. Har shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC na shiga, na ga sunan kasuwancinsa da rajista. Abin da na kau da kai a kansa shi ne lambar asusun da ya ba ni, wadda sunan mutum ne a kanta, ba sunan kasuwancin ba. Na tambaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, asusun ƙanina ne, na kamfani ya samu 'yar matsala da banki." Da ma'aikaci ne ya kawo mini irin wannan uzuri a ofis, da ban sa hannu ba, amma a falon mahaifiyata, mintuna kaɗan bayan mun yi sahu ɗaya, na tura.

Ya ɗaura shida na gane motsi, huɗu na auna zafi, da akwatin nan guda ɗaya. Ya karɓi wayata ya sauke manhajar Smart Life, ya ce kada in wahalar da kaina, shi zai buɗe komai a asusunsa sannan ya ba ni damar gani, domin idan wani abu ya lalace ya gyara daga nesa. Na ce masa, "Injiniya, ka kyauta." Ni ne ma na yi masa godiya. Sannan ya ce akwai kuɗin wata-wata, naira 7,500, na abin da ya kira kuɗin layi. Na biya sau uku, wato 22,500 a kan 485,000. Daga baya na san cewa manhajar kyauta ake sauke ta, kuma ganin lambar zafi da samun sanarwar motsi ba sa buƙatar a biya kowa sisin kwabo.

A watan Afrilu ne asiri ya tonu. A'a, kafin nan ma akwai abin da ya kamata ya farkar da ni, a cikin Maris ne ko ƙarshen Fabrairu: maigadi ya ce mini yana zagaya bayan gida kullum da dare, ni kuwa ban taɓa samun sanarwa daga can ba, sai daga zaure da ƙofar falo kawai. Na kira mutumin, ya ce zafin Kano ne. Ya ce na'urar gane motsi ɗumin jikin mutum take gani, idan kuwa bango da iska suka yi zafi suka kusanci digiri 37 na jikin ɗan Adam, sai ta kasa bambance mutum da abin da yake bayansa, kuma ba ta gani ta cikin gilashi. Na sake bincikawa, na sake samun gaskiya ne. Haka ya riƙa yi mini, duk lokacin da na matsa sai ya ba ni bayani na gaskiya a kan na'urorin da ba su ne a bangon gidan ba.

To, a Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, inbatar gidan ta mutu cikin dare, aka kuma yi kusan kwana biyu babu wuta. Hajiya ba ta faɗa mini ba, domin a tunaninta ina gani a waya, tunda haka aka ce mata. Ni kuma ina Abuja ina duba waya safe da yamma, tana nuna mini "Firjin Hajiya: digiri 5", ina hamdala. Sai da ƙanwata ta je gaishe ta, ta buɗe firjin za ta sha ruwa, ta ji ruwan da ɗumi. Ta kira ni, na ce mata ba zai yiwu ba, ga shi a gabana digiri 5. Har faɗa na yi mata. Likita ya ce kada a yi kasada da kwalaben da suka kwana a wannan zafi, aka zubar aka sayo wasu, kuma alhamdulillahi Hajiya lafiyarta ƙalau. Ban sanya kuɗin maganin a cikin lissafin ba, 485,000 ɗin da 22,500 ɗin daban suke.

Ɗan yayata da yake karatun injiniyan lantarki shi ya zo ya kwance komai. Cikin shida na gane motsi, biyu ne kawai na Zigbee, wato na zaure da na ƙofar falo. Sauran huɗun irin masu arha ne da suke aiki a kan zangon rediyo na 433 MHz, waɗanda ake haɗawa da ƙararrawar ƙofar shago, kuma ba su da hanyar da za su yi magana da akwatin da yake aiki a kan wani zango daban na 2.4 GHz, suna dai kyafta jar fitila idan an wuce, shi ke nan aikinsu. Cikin huɗu na auna zafi, ɗaya ce ta gaske, tana ɗakin Hajiya. Wadda take cikin firji ma'aunin zafi ne zalla mai ɗan allo, babu abin aika saƙo a cikinta ko kaɗan. Yaron ya zare akwatin daga soket, ya kashe Wi-Fi na gidan gaba ɗaya, ya ce, "Kawu, duba wayarka." Muna tsaye lambar ta sauya daga 5 zuwa 4. Babu wata fassara face cewa na'urar da aka raɗa wa suna "Firjin Hajiya" tana wani firji a wani gida, a cikin asusunsa, kuma ina kyautata zaton ita ce wadda ya ɗora mini a tafin hannu ran nan, wadda ta sauka daga 31 zuwa 17 a kan ƙanƙara, kafin ya ce mu yi sallah tukuna.

Abin da ya fi kuɗin tayar mini da hankali shi ne wanda yaron ya nuna mini daga baya. Tunda asusun nasa ne, duk tsawon watannin nan yana ganin tarihin motsin zaure da na ƙofar falo, ƙarfe nawa aka fita, ƙarfe nawa aka dawo, wace rana gidan ya wuni babu kowa, kuma kalmar sirrin Wi-Fi ma ni na karanta masa da bakina. Gidan tsohuwa ce da yarinya da maigadi ɗaya. Mun mayar da akwatin yadda ya fito daga kamfani, mun buɗe sabon asusu da imel ɗina, mun canza kalmar sirri, na kuma canza kwaɗon ƙofar zaure duk da cewa bai taɓa riƙe makulli ba.

Na kira shi ranar da ƙanwata ta gano firjin, ko washegari, ya ce yana hanyar Kaduna, zai zo Asabar. Asabar ta zo ya ce an yi masa rasuwa. Na yi masa ta'aziyya, wallahi na yi masa. Bayan nan lambar ta daina shiga, shagon da ya nuna mini kuwa maƙwabta suka ce haya ce ta 'yan watanni, ya kwashe kayansa. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na sanar da bankina, na kuma shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Ga wanda zai sanya irin waɗannan kaya: ka buɗe asusun da imel ɗinka da lambarka, kada ka yarda da "zan ba ka damar gani". Kada ka cika kuɗi sai ka ɗauki kowace na'ura da aka ɗaura, ɗaya bayan ɗaya, ka gwada ta a wayarka, sannan ka zare akwatin daga wuta ka ga ko lambobin sun tsaya. Kada ka tura kuɗi asusun da sunan bai yi daidai ba.

Hotunan cikin na'urorin da yaron ya buɗe, da alat na 300,000 da na 185,000 da na 7,500 sau uku, da saƙon muryar da yake cewa zafin Kano ne, duk na tattara su wuri ɗaya, kuma zan ɗora. Tsohuwar damar ganin da ya ba ni ban goge ta ba, saboda jami'in da yake bincike ya ce in bar ta a matsayin shaida. Da safiyar nan na duba, har yanzu tana nuna "Firjin Hajiya: digiri 5".