Marikan Katakon Tik Na Rufin Ɗakin Jirgi: Katakon Ya Yi, Sukurorinsa Ba Su Yi Ba

Jirgina na ruwa mai tafiya da iska na faiba ne, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, ƙirar shekarun 1970, kuma marikan katako da ke bisa rufin ɗakinsa, waɗanda mutum yake damƙa idan zai wuce gaba alhali jirgin ya karkata, sun kai matsayin da ban ƙara amincewa da su ba. Gugar samfefa ta shekara da shekaru ta sirantar da su har kawunan sukurori suka fito fili, ɗaya kuma ya tsage daidai inda hannu yake kamawa. Shi ya sa na sayi sababbi guda biyu na tik, wani katako mai jure ruwa, irin waɗanda ake sayarwa a sassaƙe, kowanne da gurbin hannu shida, na ɗaura su da kaina, yanzu wata takwas ke nan ina amfani da su.

Game da katakon kansa ba ni da ƙorafi. Jijiyarsa a miƙe take daga wannan kai zuwa wancan, babu ƙulli ko ɗaya, kuma idan ka shafa shi za ka ji maiƙon nan na tik wanda yake hana shi ruɓewa a cikin ruwa. An zagaye gefunansa da kyau, gurbin hannun kuma yana da faɗin da zai ɗauki hannu ko da safa a jikinsa. Na yi tunanin komawa bututun ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, wanda ba ya neman banish, amma ƙarfe yana da santsi idan ya jiƙe, sannan ba a iya lanƙwasa shi a gida domin ya bi lanƙwasar rufin, shi kuwa tik yana bi idan aka lallaɓa shi.

Matsala ta farko ita ce tazarar ƙafafun sababbin marikan ba ta dace da tsofaffin hudoji ba, ko guda ɗaya. Wannan ba laifin masu yin su ba ne, domin kowane maƙerin jirgi da nasa awon, amma ya kamata mai saye ya san cewa aikin da ya ɗauka na yini ɗaya ne zai iya cin mako. Matsala ta biyu kuwa ita ce ta dame ni ƙwarai: an haɗo marikan da gajerun sukurori, da 'yar takarda mai cewa a ɗaure su kai tsaye a jikin rufin. Abin da zai riƙe nauyin babban mutum sa'ad da igiyar ruwa ta fizge shi bai kamata ya dogara ga haƙoran sukuru a cikin siririyar faiba ba. Na ajiye su gefe, na sayi bolti masu kaurin milimita 6 waɗanda suke ratsa rufin gaba ɗaya, da manyan washa da noti daga ciki.

Da na cire tsofaffin marikan ne na ga ainihin girman aikin. Rufin irin waɗannan jiragen faiba biyu ne, sama da ƙasa, da katakon balsa mara nauyi a tsakaninsu, kuma muddin ruwa ya sami hanya ta hudar sukuru, balsar ce take sha. A hudoji uku na tarar da ita ta yi baƙi, tana dagargajewa a kan yatsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Na ƙwaƙule ruɓaɓɓen da lanƙwasasshiyar ƙusa, na bar wurin ya bushe sosai, na cike da gam ɗin ifoksi mai kauri. Kowace sabuwar huda ma haka na yi mata: na fara yi wa faibar da ke sama huda mai faɗin milimita 12 ba tare da na ratsa ta ƙasa ba, na cike da ifoksi, bayan ya daskare na sake huda tsakiyarsa da milimita 6, ta yadda ko ruwa ya shiga wata rana ba zai taɓa balsa ba. Na ɗan buɗe bakin kowace huda, na naɗa zaren ɗanƙon butil, mai hana ruwa shiga, a wuyan bolti da ƙarƙashin ƙafar marikin. Na zaɓi butil ne saboda ba ya ƙeƙashewa, kuma za a iya cire marikin nan gaba ba tare da an ɓamɓaro fatar rufin ba, saɓanin gam mai tsananin ƙarfi da wanda ya riga ni mallakar jirgin ya shafa.

Wajen lanƙwasawa, daga kai ɗaya muka fara, bolti ɗaya bayan ɗaya, wani yana tura katakon a hankali ni kuma ina ɗaurewa daga ciki, noti kawai nake juyawa domin kada bolti ya murɗe butil ɗin. Katakon bai ko yi ƙara ba. Matosan da suka zo da shi domin rufe kawunan bolti sun shiga daidai, na kafa su da banish maimakon gam, na aske su da kurfi mai kaifi.

Duk mai son kamannin katako kuma ba ya ƙyashin shafa banish a kai a kai, ina ba shi shawarar waɗannan marikan, da sharaɗin ya watsar da sukurorin da suka zo da su. A cikin makon farko na ƙara matse notocin sau biyu yayin da butil yake zama, kuma tun daga lokacin ban ga ɗigon ruwa ko ɗaya a silin ɗakin ba, har da ranar da muka yi sa'a huɗu igiyar ruwa tana wanke rufin.